Gawayin da Ya Ƙi Tsufa

Abu na farko da wani Bature ya yi mini a ƙasarsu shi ne dariya. Jami'in kwastan ne a filin jirgin saman Landan. Ya sa na kwance zanen da aka naɗe babban gwangwanin madara da shi, ya leƙa ciki ya ga kwalabe uku, ya tambaye ni mene ne. Na ce gawayi ne. Sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga mutumin da ya taso tun daga Afirka da gawayi, ya kuma tabbatar mini cewa suna da abin hura wuta isasshe a ƙasarsu. Da ya kai hannu zai murɗa murfin kwalba ɗaya, na riƙe masa wuyan hannu. Har yau ina mamakin inda na sami wannan ƙarfin hali. Na bayyana masa cewa ko tokar sigarinsa ce ta faɗa ciki, aikina ya lalace ke nan. Ya dube ni, ya janye hannunsa, ya mayar da murfin gwangwanin a hankali, ya yi mini fatan alheri.

Wajibi ne in faɗi abin da ke cikin kwalaben nan, domin a kansu duk labarin ya rataya.

Sunana Ishaya. Ƙauyenmu yana tsakanin Gidan Waya da Kafanchan, a gefen wani rafi inda aka daɗe ana haƙar kuza. Bayan na gama digiri a ilimin duwatsu, a tsakiyar shekarun 1970, na yi koyarwa a wata sakandare a Zonkwa, kuma duk hutu nakan sauka cikin wani ramin kuza da aka bari a bayan gonarmu. Bangon ramin yana nuna shimfiɗu uku a fili: rairayi ja a sama, yumɓu mai launin toka a tsakiya, sai tsakuwar kuza a can ƙasa, kwance a kan dutse. A kowace shimfiɗa na sami gawayi, a ta ƙasan kuma har da fasassun tukwane. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: yaushe rafin ya zuba tsakuwar nan, yaushe kuma mutane suka hura wuta a bakinsa? Na'urar da za ta iya amsawa tana wata jami'a a arewacin Birtaniya. Wani malami a can, Dokta Kaldar, ya yarda ya karɓe ni, gwamnatin jiharmu kuma ta ɗauki nauyin karatun.

Ban taɓa gawayin da hannu ba ko sau ɗaya. Da wuƙa mai tsabta na ciro shi, na zuba a kwalaben da na dafa, na rubuta lamba a jikin kowace da fenti: ɗaya ta sama, biyu ta tsakiya, uku ta ƙasa. Na zana bangon ramin a littafin aikina, na ɗauki hotuna. Gawayin ƙasan daga cikin ruwa na ciro shi, har kwalbarsa tana gumi ta ciki. Na ajiye kwalaben cikin gwangwanin madara a ɗakina a gida, na tafi Kaduna da Legas ina bin takardun tafiya, abin da ya cinye mini damina guda. Da na dawo ɗaukar kaya, na tarar Mama ta riga ta naɗe gwangwanin da zanenta na zumuntar matan majami'a, ta ce ta gyara mini komai.

Daga filin jirgi na nufi babbar tashar jirgin ƙasa mai zuwa arewa. Ina tsaye ina karanta allon jirage, akwati a ƙafata, gwangwani a ƙirjina, sai na ji Hausa a bayana, irin tamu ta kudancin jihar.

"Ɗan'uwa, wannan fuska na Kafanchan ne ko na Kagoro?"

Ban san lokacin da na rungume shi ba. Ya ce sunansa Yohanna, ya taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa a wata majami'a a Zonkwa, yanzu yana karatun lauya. Ya tambaye ni ko jirgin ƙasa yana nan yana makara a Kafanchan kamar da, ko mangwaro ya yi 'ya'ya bana. Muka yi ta dariya. Daga nan ya nuna mini layin sayen tikiti, ya ce ba a shiga da manyan kaya, in bar masa akwatin ya tsare mini. Ya miƙo hannu ya karɓi gwangwanin ma, na ƙi. Ba zarginsa na yi ba, sabo ne kawai. Ya ce ni da gwangwanin nan kamar mai jego da jaririnta. Da na fito da tikiti a hannu, babu Yohanna, babu akwati.

'Yan sandan tashar sun ba ni shayi, sun rubuta abin da na faɗa, sun kuma gaya mini gaskiya cewa kada in sa rai. Tufafina sun tafi, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka ba ni ranar baftisma, da ƙullin daddawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin aikina da hotunan ramin.

Na shiga jirgin da zuciya mai nauyi, amma ba ta daɗe a haka ba. Inda duk aka yanka tudu domin layin dogo ya wuce, duwatsu suna bayyana hawa-hawa a bakin taga: farin alli, sa'an nan yumɓu, can gaba dutse mai ruwan zuma, can kuma ja. A ƙasarmu galibin dutse dunƙulalle ne, irin na tsaunukan Kagoro, shimfiɗaɗɗun duwatsu kuwa a zane na fi saninsu. Ga su yanzu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana. Na manne goshina da gilashi ina kiran sunayensu a hankali, har wata tsohuwa da ke zaune a gabana ta miƙo mini alewa, ina jin ta ɗauka zazzaɓi ne ya kama ni.

Garin jami'ar yana bakin teku, duk gininsa na dutse ne mai launin toka. An sama mini ɗaki a gidan wata gwauruwa, Misis Dankan, wadda mijinta masunci ne kafin ya rasu. Ta buɗe ƙofa ta gan ni cikin 'yar kwat mara kauri, ina karkarwa, ba ni da komai sai gwangwani. Ta tambaye ni ina sauran kayana. Da na ba ta labari, ta faɗi wata kalma a kan Yohanna wadda daga baya na gane ba ta cikin ƙamus ɗin da muka yi amfani da shi a makaranta. Ta hau sama ta sauko da rigar sanyin mijinta da takalmansa. Hannun rigar ya wuce yatsuna, ta zauna nan take ta kalmashe shi da allura. Kowace safiya takan dama mini wani kunu mai kauri da suke sa wa gishiri maimakon sukari, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ran Lahadi ta kai ni majami'arsu. Waƙoƙin na san muryoyinsu, domin irinsu muke rerawa da Hausa, amma babu ganga, babu tulun da mata ke kaɗawa, ba wanda ko kafaɗa ya motsa. A nan kewar gida ta fara kama ni sosai. Zanen Mama na shimfiɗa a kan matashina. Yana da ƙanshin gidanmu, na hayaƙi da sabulun salo, kuma kullum ƙanshin yana raguwa, har zuwa Kirsimeti ya zama ƙyalle kawai.

Dokta Kaldar dogo ne, siriri, yana yawo da lofe a baki wanda ban taɓa ganin ya kunna ba. Da na gaya masa littafin aikina ya ɓace, ya ba ni takarda ya ce in zana ramin yadda na tuna. Na zana, da awon kowace shimfiɗa. Ya yaba, amma ya rubuta a ƙasan zanen cewa daga ƙwaƙwalwa aka yi shi. Wannan rubutu ya yi mini zafi, ko da yake da ni ne shi, haka zan yi. Ya karɓi kwalaben ya sa su a layi, ya ce na'urar tana da masu jira, sai tsakiyar hunturu.

Kafin nan ya riƙa fita da mu ɗalibai zuwa bakin teku, inda igiyar ruwa ta yanke ƙasa ta bar bangaye masu tsawo. Waɗannan su ne ranakun da suka fi kowane daɗi a rayuwar karatuna. A nan na ga da idona yadda ake tambayar dutse shekarunsa. Doka ta farko na san ta tun a gida: abin da ke ƙasa ya riga abin da ke samansa kwanciya, sai fa in wani abu ya birkice su. Dokta ya nuna mana yadda ake gane an birkice su, ta alamun igiyar ruwa da suka daskare a jikin dutsen, waɗanda suke da gaba da baya. Ya sa muka fasa duwatsu da guduma muna neman sauran halittun teku, ya nuna mana cewa kowane zamani yana da nasa irin katantanwa, kuma jerinsu ba ya sauyawa ko a wace ƙasa, don haka in ka sami iri ɗaya a nan da wani bango a hayin teku, ka san sa'o'in juna ne. Ya kai mu inda wani baƙin dutse ya narko daga ƙasa ya ratsa shimfiɗu kamar tabon wuƙa, ya tambaye mu wa ya girmi wani. Na riga kowa amsawa: abin da aka yanka ya riga abin da ya yanka shi zuwa.

Wata rana muka sauka wani lungu inda shimfiɗu masu launin toka suke tsaye a miƙe, jan dutse kuma yana kwance a kansu a sarari. Ma'anarsa ita ce na ƙasan sun kwanta a gindin teku, ƙasa ta tura su suka miƙe suka zama tsauni, ruwa da iska suka cinye tsaunin, sa'an nan jan rairayi ya zo ya rufe kututturensa. Na ɗora tafin hannuna a kan mahaɗar, babban yatsana a kan ja, ƙaramin a kan toka, miliyoyin shekaru a tsakaninsu. Murna ta sa na ja da baya domin in ga bangon gaba ɗaya, na faɗa cikin wani kududdufin ruwan teku har ƙugu. Da rigar marigayi Dankan aka ciro ni, ina rawar sanyi ina dariya.

Amma duk waɗannan hanyoyi jeri kawai suke bayarwa. Kamar dattawan ƙauyenmu ne, waɗanda suka san wa ya girmi wa ba tare da kuskure ba, amma ba wanda zai iya faɗa maka shekarar da aka haife shi. Lamba tana fitowa ne daga ɗakin gwaje-gwaje. Akwai sinadaran da suke rikiɗewa da kansu su zama wasu, a kan wani ma'auni da zafi ko sanyi ba sa sauyawa. In ka auna abin da ya rage da abin da ya rikiɗe, ka sami agogo. Da irin wannan agogo aka gane cewa duwatsu irin na Kagoro sun haura shekara miliyan ɗari. Ga shimfiɗu ƙanana irin na raminmu kuwa, da wani nau'in sinadarin kabon ake aiki. Itace yana shan sa daga iska muddin yana da rai. Ranar da aka sare shi ya daina, abin da ke jikinsa kuma ya shiga raguwa, rabi yana tafiya a cikin kimanin shekara dubu biyar da ɗari bakwai. Akan wanke gawayin, a ƙone shi ya zama iska, a sa cikin na'ura mai kaurin bango, ita kuma ta yi ta ƙirga abin da ya saura. Nakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina sauraron ƙarar ƙirgarta kamar mai jiran a kira sunansa.

Sakamakon ya fito a ƙarshen hunturu. Dokta Kaldar ya kira ni ofishinsa, ya ajiye lofensa a kan tebur, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Kwalba ta ɗaya ta ba da 'yan ɗaruruwan shekaru, daidai da zato. Ta biyu ta ninka wannan sau da yawa, shi ma daidai. Ta uku, ta can ƙasa, ta fito ƙanwar ta biyu.

Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce shi ma ya san ba zai yiwu ba, shi ya sa ya kira ni. Ya lissafa mini abin da yake gani: ko dai na musanya kwalabe a bakin rami, ko kuma abin da na ɗauka tsakuwar asali ce ashe ƙasa ce da masu haƙar kuza suka mayar, ko saiwoyin itace sun shiga gawayin. Na rantse masa cewa na ga shimfiɗun a kwance ba a taɓa su ba. Ya ce ya gaskata cewa haka na tuna.

"Ishaya, ba na zarginka da ƙarya," in ji shi. "Amma a ƙarshen wannan zango zan rubuta wa waɗanda suka aiko ka. Ba zan iya cewa a ci gaba da aikin da ba mu da tabbacin inda aka ɗebo samfurinsa ba."

Ma'anar wannan a fili take: zan koma gida ba tare da abin da na je nema ba, kuma da sunan wanda bai iya bambanta sama da ƙasa ba. Na biyun ya fi damuna. A Zonkwa ɗalibaina sun sa mini suna Malam Sake-Auna, domin ban taɓa karɓar awo ɗaya ba. Na yi kwanaki ina sauka ramin nan a cikin kaina, ina sake riƙe wuƙar, ina sake shafa fentin, har na fara shakkar abin da na sani. Misis Dankan ba ta fahimci zancen kabon ba, ta dai ga na bar cin abinci, sai ta riƙa ƙara mini kifi a faranti tana faɗa cewa rigar mijinta ba ta saba da ƙasusuwa ba.

Daga ƙarshe na roƙi izini in duba ragowar gawayin da madubin ƙara girma, ko zan ga saiwoyi. An ba ni. Ma'aikacin da ke haɗa samfuri a ɗakin gwaji ya yi amfani da gari da ɓarɓashin ne, ya bar manyan dunƙulen a kwalba. Wata safiya na sa safar hannu, na murɗa murfin kwalba ta uku, karo na farko da na buɗe ta da hannuna tun a bakin rami.

Kafin in ga komai, hancina ya riga ni. Kicin ɗin Mama ne ya fito daga cikin kwalbar: hayaƙin itacen ɗorawa, da manja, da daddawa, da ɗacin kunkunniyar da ke rataye a jinka. Ƙanshin da na rasa a jikin zane tun Kirsimeti, ga shi cikakke. Na tsaya ina shaƙa, idona ya cika, kuma a cikin wannan hali ne wani tunani ya faɗo mini: gawayin da ya yi ɗaruruwan shekaru a cikin ruwa ba ya warin hayaƙi. Ranar da na ciro shi warin laka yake yi.

Ban yarda da hancina shi kaɗai ba. Na buɗe kwalba ta biyu: ƙasa kawai. Na buɗe ta ɗaya: haka nan. Na sa dunƙule ɗaya na kwalba ta uku a ƙarƙashin madubi, na ga fatarsa tana sheƙi da wani maiƙo mai ruwan ƙasa. Na fasa shi, cikinsa baƙi ne tas, ba sheƙi. A cikin wani tsagi kuma na ga wani abu ƙanƙane, fari-fari, da ɓawonsa, wuta ba ta taɓa shi ba. Ba wani ɗan ƙasarmu da zai kasa gane shi. Ƙwayar acca ce.

A wajenmu, duk abin da ake so ya tsallake damina lafiya, saman murhu ake kai shi. Akwai shimfiɗar itace a can, inda ake ajiye irin masara da acca da riɗi na baɗi, da busasshen nama, hayaƙi yana dukansu safe da yamma har su yi baƙi, fumfuna da ƙwari ba sa kusantarsu. Abin banza ba ya hawa wurin, sai mai daraja. Na tuna kwalbar da ke gumi ta ciki. Na tuna cewa a gaban jami'in kwastan na lura gumin ya ɓace, ban kuma tsaya na tambayi kaina ta ina ruwa ya fita daga rufaffiyar kwalba ba. Na tuna Mama tana cewa ta gyara mini komai.

Da gudu na hau bene, kwalba a hannu, na shiga ofishin Dokta ban ƙwanƙwasa ba. Na sa shi ya shinshina ta biyu, sa'an nan ta uku, na kai shi ya ga ƙwayar accar, na yi masa bayanin saman murhu. Ya yi dariya har sai da ya nemi kujera. Ya ce ya ga samfurin da saiwa ta ɓata, ya ga wanda takardar naɗi ta ɓata, amma bai taɓa ganin wanda uwa ta ɓata ba. Ya ce mai haɗa samfurin ma ya ji warin, bai ga abin mamaki ba a ce gawayi yana warin hayaƙi. Ya ƙara da cewa itacen da aka sare a shekarun nan yana ɗauke da kabon fiye da kima, saboda gwaje-gwajen bama-bamai da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama, don haka kunkunniya kaɗan ta isa ta mayar da tsoho yaro, musamman a gari da ɓarɓashi inda hayaƙi ya fi samun wurin kamawa.

Sai kuma fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce labari ne mai daɗi, amma labari ba hujja ba ne. Hujja ita ce a fere fatar dunƙulen, a auna cikinsu. Abin da zai rage bayan fira da wanki da ƙyar zai isa awo ɗaya. In ya sake fitowa ƙarami, ba sauran gawayi, ba sauran magana. Ya tambaye ni ko na yarda. Na ce a ƙone.

Ni da kaina na yi firar, da wuƙar likita, dunƙule bayan dunƙule, ina cire duk inda ya yi sheƙi, ina jin kowane ɓarɓashi da ya faɗi kamar daga jikina aka yanke shi. Muka wanke abin da ya saura da sinadarin da ke narkar da maiƙo, muka bi da sauran wanke-wanken da aka saba, muka busar. Da aka ɗora a ma'auni, da ƙyar ya kai. Aka ƙone shi, aka sa a na'ura, ta shiga ƙirga. Kwanakin jiran nan a bakin teku na yi su, ina tafiya ina kallon bangayen da ba wanda ya taɓa shanya su a kan murhu.

Ran wata Asabar da hantsi ina taya Misis Dankan fere dankali, muka ji ƙararrawar keke a ƙofa. Dokta Kaldar ne, iska ta hargitsa masa gashi, lofe a baki. Bai ko gaishe mu ba.

"Na ƙasa ya koma ƙasa," in ji shi.

Gawayin ya girmi na tsakiya da tazara mai faɗi. Ya haura shekara dubu biyu, da ɗan sarari sama ko ƙasa wanda dole a riƙa ambata. Shimfiɗun uku sun jeru yadda na gan su da idona. Na kama hannun Misis Dankan muka zagaya tebur, wuƙar dankali tana hannunta, tana cewa in sake ta kafin maƙwabta su leƙo. Dokta ya ce zai rubuta a ci gaba da aikin, kuma da rani in koma in ɗebo sababbin samfura. Ya so ya goge rubutun da ya yi a ƙasan zanena, na roƙe shi ya bar shi, tun da gaskiya ne. A rahoton kuma na sa aka rubuta cewa ana kyautata zaton hayaƙin girki ne ya gurɓata awon farko, domin har lokacin ban ji daga bakin wadda ta sani ba.

Da na isa gida, bayan an gama gaishe-gaishe da addu'ar godiya, na bi Mama kicin. Tana durƙushe tana iza wuta. Na ɗaga kai na ga irin baɗi a jere a saman murhu, baƙi ƙirin. Na tambaye ta ko ta taɓa buɗe kwalabena.

"Wanda ya jiƙe ɗin? Na shanya maka," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Fumfuna ya fara kama shi. Ka ce da shi za ka je Ingila, sai in zauna ina kallo ya ruɓe?"

Ta ce a faifai mai tsabta ta baza shi, kusa da irin acca, tun daga shuka har aka kusa yanka. Ta kuma ja hankalina cewa ba ta taɓa shi da hannu ba, tun da na hana. Da cokalin da take ajiye wa fasto ta kwashe shi, da shi ta mayar.

Na zauna a kan turmi na ba ta labarin duka: yadda hayaƙinta ya rage wa gawayin shekaru, yadda na kusa dawowa hannu wofi, yadda aka yi ta fira da wanki. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta tambaye ni ko Turawan ba su da hanci ne. Bayan ta gama dariya ta ce to yanzu da aka wanke, shekaransa nawa? Na ce mata, bisa ga awon, an sare itacen nan tun kafin a haifi Yesu, a nan bayan gonarmu.

Ta bar iza wutar. Ta daɗe tana kallon garwashin.

"Wanda ya hura wutan nan," in ji ta, "me ya dafa?"

Na buɗe baki zan ce mata na'urar ba ta faɗin wannan, kuma ba mu da hujja. Sai na dubi tukunyar da ke kan murhu, na dubi irin da ke samanta.

"Ina jin acca ce, Mama."

"Ai na sani," in ji ta, ta sauke tukunyar ta ce in miƙo kwano.